Alƙalan wasan gasar karnuka suna da son kai ne, ko lissafi ne kawai?

"Assalamu alaikum Yaya. Ni mazaunin Agege ne, ina buga wani wasa a intanet inda ake kiwon karnuka ana kai su gasar kyau. Ina da wata karya 'yar nau'in Boerboel wadda makinta ya fi na kusan duk waɗanda take karawa da su. Amma akwai wani alƙali, duk ranar da shi ne a kan gasar sai ta faɗo ta huɗu ko ta biyar, wani alƙalin kuma ya ba ta ta ɗaya. Abokaina suna cewa masu biyan dala ake fifitawa, mu 'yan Najeriya rakiya kawai muke yi. Da gaske alƙalan nan suna da son kai? In haka ne, yaya zan yi?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Tambaya biyu ka haɗa wuri ɗaya, gara mu raba su. Ta farko ita ce ko alƙalan wasan sun bambanta a kan abin da kowannensu yake so a jikin kare. Ta biyu ita ce ko suna duba mai karen, ƙasarsa ko aljihunsa, kafin su yanke hukunci. Amsar ta farko eh ce, kuma da gangan aka gina wasan haka. Ta biyu kuwa, a wasan da kwamfuta ke yanke hukunci, abu ne mai wuya, kuma labarin da ka bayar da bakinka ma bai goyi bayanta ba. Da don kana Legas ake danne ka, da alƙali na biyun ma bai ba karyarka ta ɗaya ba. Asusunka ɗaya ne a ranakun biyu, abin da ya canza shi ne alƙali.

Aikina rubuta manhaja ne a nan Yaba, na kuma daɗe ina buga irin waɗannan wasanni, saboda haka zan yi maka bayani ta fuska biyu: yadda abin yake a gasar gaske, da yadda mai rubuta wasa yake kwaikwayonsa.

Daga ina aka samo alƙali mai ra'ayi

Gasar karnuka irin ta zamani ta fara ne a Ingila, a garin Newcastle, a 1859. A 1873 aka kafa ƙungiyar Kennel Club don ta tsara abin, Amurka kuma ta kafa tata, American Kennel Club, a 1884. Kowane nau'in kare yana da rubutacciyar siffa: yadda kansa ya kamata ya kasance, faɗin ƙirji, gadon baya, cinya, haƙora, gashi, tsayi, da yadda yake taku. Aikin alƙali shi ne ya ga wane kare ne ya fi kusa da siffar da aka rubuta wa nau'insa. Shi ya sa a zagayen ƙarshe za ka ga ɗan mitsitsin kare ya kayar da ƙato, domin kowanne da ma'aunin nau'insa aka auna shi.

Matsalar ita ce da kalmomi aka rubuta siffar. Za a ce kai ya zama "mai faɗi", wuya "mai ƙarfi", jiki "daidai da tsayi". To faɗi nawa? In kare ɗaya ya fi kyan kai, ɗayan ya fi kyan taku, wa za a ɗauka? Takardar ba ta raba wannan gardama ba, alƙali ta bar wa. Ka je kasuwar raguna ana gab da Babbar Sallah ka tsaya kusa da mutum biyu da suka san rago. Ɗaya zai fara dafa gadon baya ya matsa gindin wutsiya, ya ɗaga shi ya ji nauyi. Ɗayan baki zai fara buɗewa ya duba haƙora, sannan ya ja da baya ya kalli tsayi da ƙaho. Ka ajiye musu raguna biyar, da wuya su zaɓi ɗaya, kuma babu maha'inci a cikinsu.

Masu gasar gaske sun san da wannan, har suka saka shi cikin doka. A Amurka kare ba ya zama zakara sai ya tara maki 15, ciki har da manyan nasarori biyu a hannun alƙalai daban-daban, kuma jimlar makin sai ta fito daga alƙalai aƙalla uku. A Ingila tsarin da aka daɗe ana bi shi ne ya sami takardar nasara uku daga alƙalai uku. An yi haka ne don kada ra'ayin mutum ɗaya ya naɗa zakara. Duk da haka ɗanɗanon alƙalai yana barin sawu. Gasar Westminster ta New York, wadda ake yi tun 1877, nau'in Wire Fox Terrier ya lashe babban kambunta sau 15, amma Labrador, wanda ya yi sama da shekara 30 a jere yana kan gaba wajen yawan rajista a Amurka, bai taɓa lashewa ba ko sau ɗaya.

Yadda ake gina shi a kwamfuta

Alƙalin da kake gani a wasan, da sunansa da hotonsa, jerin lambobi ne. Karenka ma haka. Kowace siffa tana da makinta, shi kuma alƙali yana da nauyin da yake ɗora wa kowace siffa. Sai a ninka, a tara, a jera karnuka daga babba zuwa ƙarami.

Bari in ƙirƙiro maka misali da siffa huɗu, kowace a kan 10. Karyarka tana da kai 9, taku 6, gashi 8, ƙira 7. Jimla 30. Abokiyar karawarta tana da kai 7, taku 9, gashi 6, ƙira 7. Jimla 29. A shafi taka ce a sama. Alƙali na farko mai son kai ne, ina nufin kan kare, yana ninka shi sau uku: taka ta sami 27 da 6 da 8 da 7, wato 48, waccan ta sami 21 da 9 da 6 da 7, wato 43. A wurinsa taka ce ta ci. Alƙali na biyu taku yake ninkawa sau uku: taka ta sami 9 da 18 da 8 da 7, wato 42, waccan ta sami 7 da 27 da 6 da 7, wato 47. Ta wuce taka da maki biyar, alhali jimlarta ba ta kai ta karyarka ba. Babu wanda ya tambayi inda mai karen yake zaune.

A nan ne yawancin 'yan wasa suke ruɗewa. Babban makin da ake nunawa a saman shafin kare jimla ce ko matsakaici, kuma jimla tana ɓoye rami. Kare mai 9 a wuri ɗaya da 6 a wani wuri zai yi ta hawa da sauka gwargwadon alƙalin ranar. Kare mai 7 da 8 a ko'ina ba kasafai zai burge ba, amma ba zai faɗi ƙasa warwas ba. Yadda ka kwatanta karyarka, ta ɗaya yau ta biyar gobe, kamannin kare mai rami ne. Akwai kuma siffofin da ba yawa ake nema a cikinsu ba, kamar tsayi da nauyi, inda ake auna kusancinka da wani adadi. A irin wannan, wuce gona da iri faɗuwa ce kamar gazawa.

Bayan nauyin alƙali akwai abubuwan ranar: ƙoshin lafiya, horo, gyaran gashi, shekarun kare, wani wasan har da mai jan karen a fili. Sannan akwai sa'a, kuma ita ma rubuta ta ake yi. Mai gina wasa ya san in aka bar lissafi tsantsa, kare ɗaya ne zai riƙa cinye kowace gasa, sauran mutane su gaji su watse. Saboda haka yakan ƙara wata 'yar lamba da kwamfuta ke jefawa kamar ƙuri'a, ta ɗaga wannan kaɗan ta sauke wancan kaɗan. In tazarar karnuka tana da faɗi, ƙuri'ar ba ta canza komai. Amma a saman jeri, inda karnuka biyar suke kusan kunnen doki, ita ce mai raba gardama. Ka lura da wannan lissafi: in karnuka biyu daidai suke ta kowace fuska, yiwuwar wancan ya kayar da naka sau huɗu a jere ita ce ɗaya cikin 16. A wasan da ake gasa da yawa kullum, irin wannan yana faruwa da wani a kowace rana, kuma duk wanda ya faɗa wa zai rantse an tsane shi. Ga shi zuciya ta fi riƙe ranar faɗuwa fiye da ranar nasara.

Batun masu biyan dala

Abokanka sun ga wani abu na gaskiya, fassarar ce nake ganin sun kuskure. Masu biya sukan fi cin gasa, amma ta wata ƙofar. Abin da kuɗi ke saya a irin waɗannan wasanni galibi fili ne da dama: gidan karnuka mafi girma, barbara mai yawa, shiga gasa da yawa. Wanda ya haifi kwikwiyo 50 ya zaɓi biyu mafi kyau, ba zai yi daidai da wanda ya haifi shida ya zaɓi biyu ba. In ya maimaita haka zuri'a bayan zuri'a, karnukansa za su cike duk ramukan da na ambata, ya zama kowane alƙali ya zo suna da abin nuna masa. Ƙara da cewa shi karnuka takwas ya zuba a gasar, kai ɗaya ka kawo, ƙuri'ar sa'a sau takwas ake jefa masa. Ko wannan adalci ne ga mai buga kyauta, tambaya ce mai kyau, kuma ina ganin wasu wasannin sun wuce iyaka a kai. Amma hukuncin alƙali bai shiga ciki ba. Mai wasan da zai rubuta "ƙara wa mai biya maki" a ɓoye yana wasa da kasuwarsa, domin sakamakon gasa a fili yake, kuma 'yan wasa masu lissafi za su gano.

Akwai dai fifikon da yake shiga manhaja ba da niyya ba, kuma wannan na sha gani a wurin aiki. In karnuka biyu suka yi kunnen doki, dole kwamfuta ta sa ɗaya a gaba. In mai rubutun bai tanadi komai ba, sai ta bar su yadda suka zo mata, wato wanda aka fara yi wa rajista ko wanda lambarsa ta fi tsufa. Tsohon asusu sai ya riƙa cin kunnen doki kullum. Wani fifikon kuma ya shafi nau'i. Nau'in da mutane da yawa suke kiwo yana inganta da sauri, saboda akwai karnukan barbara da yawa da za a zaɓa. Nau'in da ba shi da jama'a, kamar Azawakh, dogon karen farautar nan na Mali da Nijar da Burkina Faso wanda ƙungiyar Amurka ba ta ba shi cikakkiyar karɓa ba sai a 2019, yakan kasance a baya. In wasan bai daidaita maki tsakanin nau'i da nau'i ba, zai ci a cikin danginsa, ya zo zagayen da ake haɗa shi da wasu nau'o'i ya sha ƙasa.

Zamanmu a Legas ma yana da nasa tasiri, ta hanyar agogo. In wasan yana bin lokacin New York, muna gabansu da awa biyar ko shida gwargwadon watan da ake ciki. Gasar da aka sa ƙarfe takwas na darensu, ƙarfe ɗaya ko biyu na dare ne a nan. Shi yana zaune ya gyara karensa dab da farawa, kai ka sha cunkoso daga Oshodi ka iso gida a gajiye, an ɗauke wuta, waya saura kaɗan ta mutu, data ta ƙare. Horon rana ɗaya da aka tsallake yana iya zama tazarar ta biyu da ta biyar. Ka nemi lokacin da ranar wasan take juyawa, ka tsara hidimar karnukanka a kansa.

In mutane ne suke hukunci

Duk abin da na faɗa ya shafi wasan da kwamfuta ke alƙalanci. Akwai waɗanda 'yan wasa ne suke jefa ƙuri'a ko ake naɗa ɗaya daga cikinsu alƙali. A nan kam son kai na gaske yana nan daram: sanayya, ramuwar gayya, "zaɓe ni in zaɓe ka", da kwarjinin babban suna. Ko manyan gasannin duniya ba su tsira ba. A gasar Olamfik ta hunturu ta 2002 a Salt Lake City, rikicin alƙalanci a wasan zamiya kan ƙanƙara ya kai ga ba ƙungiya biyu zinare, bayan nan aka sauya tsarin ba da makin baki ɗaya. Maganinsa a wasa shi ne a ɓoye sunan mai kare lokacin hukunci, a sa alƙalai fiye da ɗaya, a kuma juya jerin fitowa. In wasanku bai yi haka ba, ku nema a wurin masu shi. Mu ma kada mu haɗa zauren WhatsApp muna yi wa juna ƙuri'a saboda yare ɗaya, domin abin da muke kuka da shi ke nan.

Yadda za ka gane abin da alƙali yake so

Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Ka sami littafin rubutu ko ka buɗe Excel. Kowace gasa ka rubuta sunan alƙali, yawan karnukan da suka shiga, matsayin taka, yanayinta a ranar, da siffofin karnukan da suka wuce ta ɗaya bayan ɗaya. Yawan karnukan yana da muhimmanci, domin ta huɗu a cikin 30 ta fi ta ɗaya a cikin uku.

Abin da ya fi ba ni amsa da sauri shi ne bin kare biyu da suke yawan haɗuwa. Ka zaɓi abokiyar karawa ɗaya wadda take shiga gasa tare da taka, ka duba a hannun wane alƙali take wuce ta, a hannun wanne take bin bayanta. Sai ka ajiye siffofinsu gefe da gefe. Inda suka fi nisa da juna, nan ne sirrin yake. Ba sai da karnukanka kaɗai ba, sakamakon wasu ma a buɗe yake, kuma da shi za ka tara bayani mai yawa cikin ɗan lokaci. Ni dai ba na yanke wa alƙali hukunci da gasa uku ko huɗu. Sai na ga abu ya maimaitu a gasa 15 zuwa 20 nake fara yarda da shi.

Akwai tarko guda da nake so ka kiyaye, domin ya kama masu wayo da yawa. In magana ta bazu cewa alƙali wane gashi yake so, kowa zai kai masa karnukansa masu kyan gashi. Sai wanda ya ci ya zama mai kyan gashi, mutane su ce ai ga shi nan mun faɗa. Alhali waɗanda suka faɗi ma masu kyan gashin ne. Kallon zakara shi kaɗai ba ya nuna komai, sai ka kwatanta shi da waɗanda ya kayar a wannan gasar, ka ga da me ya fi su.

Zancen masu biya ma haka za ka gwada shi. Ka nemo gasannin da karen mai buga kyauta da na mai biya suke kusa a siffa, ka ƙirga wa ya fi yawan wucewa. In kusan raba daidai suke yi, magana ta ƙare. In kullum ɓangare ɗaya ne, kana da hujjar da za ka rubuta wa masu wasan, da sunayen gasa da ranaku, cikin ladabi.

Wannan hanya tana da iyakarta. Rinjaye take nunawa, ba ta ba da tabbaci. In siffa biyu kullum tare suke tafiya a nau'inka, misali duk mai kyan cinya yana da kyan taku, littafinka ba zai iya raba maka wacce alƙalin yake kallo ba. Masu wasan kuma suna iya canza lissafin ko su sauya alƙalai ba tare da sanarwa ba, bayanin watannin baya ya tashi a banza. Saboda haka ka riƙa rubuta kwanan wata.

Abin da zan yi da a ce ni ne

Zan yi amfani da ra'ayin alƙali wajen zaɓen gasa. In ana nuna sunansa kafin rufe rajista, ka kai karyarka inda ake son abin da take da shi, ka adana kuɗin shiga a ranar wancan alƙalin da take faɗuwa a hannunsa. Masu karnukan gaske ma haka suke yi, kuma babu ha'inci a ciki. Abin da ba zan yi ba shi ne in karkata kiwona gaba ɗaya don in faranta wa alƙali ɗaya. A duniyar gaske an ga ƙarshen wannan. Shekara da shekaru ana ba da kyauta ga fuska mafi lotsewa a Bulldog da Pug, da baya mafi gangara a wasu karnukan German Shepherd, har aka wayi gari wasu ba sa numfashi da kyau, wasu ba sa tafiya daidai. Bayan wani shirin bincike da BBC ta nuna a 2008, tashar ta daina haska Crufts, babbar gasar karnuka ta Ingila, Kennel Club ta sake duba rubutattun siffofin, a 2012 kuma aka fara sa likitan dabbobi ya duba zakarun wasu nau'o'in kafin su wuce gaba. Wannan abu yana damuna, musamman da nake ganin yadda ake cinikin Boerboel a Legas ana yabon girman kai da nauyi kawai, ba a tambayar ƙugu da numfashi. A wasa kare ba ya jin ciwo, amma asarar iri ɗaya ce: ka yi ta haɗa dangi da dangi don siffa ɗaya, sauran siffofin su zube, ranar da aka sauya alƙalin ka rasa inda za ka kai su.

Kada kuma ka canza naira zuwa dala da tunanin za ka sayi ra'ayin alƙali. In za ka biya, ka biya don kana son ƙarin fili kuma aljihunka ya ɗauka.

Game da karyarka, ka buɗe gasa biyar na ƙarshe da ta yi a hannun alƙalin nan, ka rubuta siffofin duk karnukan da suka wuce ta. Ina kyautata zaton za ka tarar da siffa ɗaya da dukkansu suka fi ta, kuma ita ce mafi ƙarancin maki a shafinta. In ka same ta, ka nemi namijin da yake da ƙarfi a wannan siffar wanda kuma bai yi rauni sosai a inda take da ƙarfi ba, ko da jimlarsa ba ta kai ta wasu ba. Daga cikin 'ya'yan ka riƙe wanda siffofinsa suka fi daidaita, ko da akwai ɗan'uwansa da ya ɗan fi shi jimla. In ka tattara lambobin ka turo mini, mu duba su tare. Allah ya ba da sa'a.